Dawar da Aka Hana wa Dare

Kada wanda ya gyara zama yana jiran tatsuniya. A wannan babu aljani, babu dabbar da ke magana. Mutanen da zan ambata kun san su, wasunku sun ci tuwo a gidansu. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don in na gama zan tambaye ku abu guda, kuma ba na son amsar da ba a tauna ba.

Yayana Nomau, Allah ya ji ƙansa, yana da gona a bayan filin ƙwallo, ta gabas, jikin katanga. Gonar ta riga filin zuwa wurin. Lokacin da ya fara noma ta, daji ne, sai kurciya da zomo. Gari ne ya biyo shi ya same shi, aka yanki rabi aka yi katanga, aka bar masa rabi. Bai yi ƙara ba, ya ci gaba da nomansa.

Dawa iri guda yake shukawa a ciki, ta gidanmu, wadda muke kira Mai Ruku'u. In ta nuna, wuyanta kan lanƙwashe, zangarniyar ta sunkuya ƙasa kamar mai sallah. Ja ce, ƙwayarta manya, tuwonta ya kwana biyu bai saki ba. Daga ƙauyenmu na asali, Kwarin Gauta, Nomau ya taho da ita cikin gora tun yana saurayi. Kuma gidanmu yana da ƙa'ida a kanta. In za ka yi shuka, ka kasa irin uku, ka shuka kashi biyu, ka mayar da ɗaya cikin gora, ka zuba toka, ka toshe. Ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya san dalili.

Filin ƙwallon yana da fitilu tun da daɗewa, a kan dogayen turakun ƙarfe huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Tsofaffin nan malalata ne. In an kunna su sai su yi ta gurnani, su fara ja-ja kamar garwashi, ka yi alwala ka idar da sallah kafin su kawo haske sosai. Ga shan mai. Don haka ba a kunna su sai ranar babban wasa, awa uku a kashe. Shekara da shekaru suna nan, ba su cuci kowa ba.

Bara waccan da rani aka zo da mota mai dogon wuya aka sauke su, aka ɗaura sababbi. Faffaɗa ne kamar tire, 'yan boko na ce musu el-i-di. Ni farar fitila nake ce musu. Ana taɓa abu a ofis sun kama gaba ɗaya, babu gurnani, babu jira. Haskensu ba shi da ɗumi, fari fat, ka tsaya a ciki ka ƙirga jijiyoyin hannunka. An ce ba sa cin wuta, rana ce ke cika musu batir. To tunda ba sa cin komai, kuma ɓarayi sun taɓa kwashe wayoyin filin, manajan wurin ya ce a bar su a kunne kullum, daga magariba har gari ya waye. Unguwa ta yi murna. Masu shayi suka ƙara benci. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na tsinci allura a tsakar gidana bayan lisha na ce madalla. Zakaru ne kawai suka rikice, suna cara a lokacin da ba nasu ba, muka yi ta yi musu dariya.

Daminar shekarar ta yi kyau. Dawar Nomau ta tashi kore shar, ta wuce ta kowa tsawo, masu wucewa na tsayawa suna kallo. Marka ta wuce. Dawar mutanen da ke can nesa ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi ido. Ta Nomau sai ƙara tsawo, ganye a kan ganye. Har ruwa ya ɗauke ba ta yi ciki ba, ta bushe a tsaye. 'Yan ƙalilan ne suka fid da kai a gindin katanga, tsuntsaye suka cinye, babu wanda ya kula. Wasu suka ce taki ne ya yi yawa. Wasu suka ce baki ne. Wasu suka ce ƙasar ta gaji. Nomau ya yi sadaka, ya ɗaure karan ya jingine, ya sayi hatsi a kasuwa karo na farko a rayuwarsa.

A ranin da ya biyo baya aka aiko daga Kwarin Gauta. Akwai wata gona a can da ake kira gonar iri, da ɗaki guda a gefenta. Ba ta gado ba ce. Ba a raba ta, ba a sayar da ita. Ta dangi ce, ana damƙa ta ga mutum guda, wanda ke riƙe da irin Mai Ruku'u. Mai riƙonta ya rasu, da aka buɗe gorarsa aka tarar ƙwari sun mayar da abin ciki gari. Sauran gidajen ƙauyen kuwa sun koma irin kamfani tuntuni. Dattawa suka ce wa Nomau, in yana da iri ya aiko ɗansa guda da shi ya karɓi gonar. Sun ba shi damina guda ya shirya. In ruwan farko na wadda ke biye ya sauka ba a zo da iri ba, za su ba wani gida gonar, a rufe zancen.

Abin da ya rage na Mai Ruku'u a duniya shi ne kashin nan ɗaya na cikin gorar Nomau.

Na ce masa, "Yaya, aika da shi yanzu."

Ya ce, "Ni in aika wa dangi da ƙasan gora? Sai na noma, in aika da damuna a bayan mota, su san ban zo birni wasa ba."

Na ce, "To kasa uku."

Ya ce, "Me za a kasa a cikin wannan, Tabawa? Je ki ji da jikokinki."

Ya juye gorar kaf, ya bubbuga gindinta, ya shuka. Girman kai ne irin na gidanmu. Ni ma ina da shi, amma ni ban taɓa juye gora ba.

Daminar bara ta zo, aka maimaita abin da aka yi. Dawar ta tashi, ta yi tsawon mutum biyu, marka ta wuce, babu ciki. Nomau ya daina cin abinci sosai. Yakan zauna a bakin gona ya zuba wa karan ido har rana ta faɗi.

'Ya'yansa uku ne, kuma ga abin da kowanne ya yi.

Barira ce babba. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, shekara goma sha ɗaya tana suyar ƙosai a ƙofar filin, da shi take ciyar da su. A bayan rumfarta akwai waken da ya zube ya tsiro da kansa. Wata asuba ta zo hura wuta ta lura da shi. Wanda ke jikin kwanon rumfar, inda farar fitila ba ta kaiwa, ya yi fure har ya fara ɗiya. Wanda ke fili, taku biyu tsakani, sai yaɗo da ganye. Ta tsaya tana kallo har itacenta ya ci ya mutu. Sai ta tuna 'yan zangarniyoyin daminar farko na gindin katanga, inda inuwa take, wurin da a wannan karon aka haƙa kwata Nomau bai shuka ba. Ta bar kaskon ta zagaya gonar ubanta. Ko assalatu ba a kira ba, amma ga inuwarta baƙi ƙirin a kan kunya kamar da azahar.

Ta zo ta same ni ta ce, "Gwaggo, dawar nan ba ta barci."

Na ce mata ta bar shiririta da sassafe. Amma da ta fita na zauna na yi tunani. Tun muna yara mun sani, dawar gargajiya ko ka shuka ta da wuri ko a makare, tare take yin ciki, lokacin da dare ya fara tsawo. Mun san haka, ba mu taɓa tambayar me take lura da shi ba. Ashe daren ne. Kuma wannan damina biyu ke nan ba ta ga dare ba.

Barira ta gwada rufe karan da buhuna, iska ta kwashe. Ta ɗaura mayafi ta tafi ofishin manaja, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kwana ashirin kawai. A kashe fitilun ɓangaren gonar."

Ya ce, "Baba mai ƙosai, dawa tana da ido ne? Ko mu saya mata tabarau?"

Mutanen ofishin suka yi dariya. Ita kuwa ta ƙi fita. Ta riƙe ƙyauren tana maimaita maganarta, muryarta na ƙara tashi, kuma ranar akwai manyan baƙi. Masu gadi suka fitar da ita. Washegari ta tarar an ɗaga rumfarta an ajiye a tsallaken titi, an ba wata wurin, an ce kada a ƙara ganinta a ƙofar.

Ba ta gama da wannan ba ta ji ubanta ya kira wani mai kiwon shanu ya sare dawar ɗanya ya kai wa dabbobi, tunda ko bana babu abin da za ta yi. Da safe masu sara suka zo su huɗu da adduna. Suka tarar da Barira zaune a bakin kunyar farko, ta sha ɗamara.

Nomau ya ce, "Barira, tashi."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Fitila ce."

Ya ce, "Na ce ki tashi."

Ta ce, "Ba zan tashi ba, Baba. Sai dai su fara da ni."

A gaban maza baƙi ta faɗi haka, ga uban da ko kallonsa ido cikin ido ba ta taɓa yi ba. Masu sara suka dubi juna suka saɓa addunansu suka tafi, don babu mai son tsallaka mace. Nomau ya ce mata daga ranar kada ta ƙara gaishe shi, kuma shi mutum ne da ba ya janye magana. Wannan shi ne na Barira. Ita ta gano ciwon, ita ta hana a sare, kuma ta rasa wurin sana'arta da bakin ubanta.

Sallau ne na tsakiya. Shi ya yi makaranta, ya koyi aikin wuta, kuma a filin yake aiki, cikin masu goge fuskar fitilun da ɗaure wayoyi. Yana da mata da 'ya'ya biyu, da ciki na uku. Da Barira ta faɗa masa ya ce, "Yaya, hayaƙin suya ya shige miki kai."

Ta ce, "Kai da kanka yake wasai, zo ka tsaya a gonar bayan magariba, ka nuna mini inda duhu yake."

Ya je ya tsaya. Ya ɗaga kai ya duba, ya ga abin da mu ba za mu taɓa gani ba. Mu duk mun ɗauka turakun da ke kusa da gonar ne masu laifi. Ashe waɗannan sun juya mata baya, cikin fili suke kallo. Na yamma ne, na can nesa, ke kallonta, hasken layinsu na sama yana tsallake filin, ya tsallake katanga, ya sauka a kan dawa. Ko da manaja ya ji roƙon Barira ya kashe na ɓangaren gonar, da babu abin da zai sauya.

Kashe su ba ya hannun Sallau. Makunnin yana cikin akwati mai kwaɗo, kuma ko guda ɗaya ta mutu na'ura za ta faɗa a ofis. Amma kowace fitila tana kan wuyan ƙarfe da noti. Injiniyoyin da suka kawo su kwana huɗu suka yi suna saita kowace ɗaya da abin awo, suka ce kada kowa ya taɓa. In ka sassauta notin ka sunkuyar da ita kamar faɗin tafin hannu, hasken zai tsaya cikin katanga, na'ura kuma ba za ta sani ba. Shida ne a saman kowane turke.

Ranar Juma'a ya zaɓa, lokacin da kowa ya tafi masallaci har masu gadi, shi da bai taɓa rasa Juma'a ba. Bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙugu yana kulle a sito, don haka haka nan ya hau, turken da ya kai tsawon giginya uku, ƙarfen ya sha rana yana ƙona tafi. Ya gama na farko ya sauko lafiya. Ya hau na biyu ya yi biyar. Ta shidan ce ta suɓuce da ya sassauta ta, ta faɗo da nauyinta ta danne masa hannun dama a jikin ƙarfe. Shi kaɗai a sama, liman na huɗuba a lasifika. Da kafaɗa ya ɗaga ta, ya ɗaure notin da hagu, ya sauko da hannu ɗaya da gwiwar hannu. A asibiti ya ce ƙofar mota ce. Suka cire babban yatsa da manuni.

Da magaribar ranar gonar ta yi duhu. Na je na gani da idona. Har tsoro na ji, na manta yadda duhu yake.

Kwana ashirin da shida aka yi haka. Sai aka fara wasannin da ake nunawa a talabijin, aka ga gefe guda na filin ya dushe, gola na ƙorafin ba ya ganin ƙwallo in ta taso daga kwana. Aka kira injiniyoyi suka hau. Suka tarar da busasshen jini a jikin ƙarfe, da sifanar Sallau maƙale, wadda ya yi wa alama da jan fenti kamar sauran kayansa. Aka kore shi a ranar. Aka mayar da fitilun yadda suke, aka yi wa notin walda. Amma kafin nan dawa ta riga ta ɗauki ciki, in ka matsa saman karan za ka ji shi a yatsa. Wannan shi ne na Sallau. Shi ya san wace fitila ce, shi ya hau, kuma ya rasa aikinsa da hannun da zai nemi wani da shi.

Ilu ne auta. Mai kura ne, yana tura jarka goma sha biyu yana sayar da ruwa a unguwa, yana da mata da jariri. Tun yana yaro ba ya magana, sai ka tambaye shi sau biyu. Dawa ta yi ciki a lokacin da ya kamata a ce ana shirin girbinta. Kwana tara bayan haka aka yi ruwan ƙarshe, sama ta washe. Barira da Sallau suka tsaya a bakin gona suna kallon ganye na naɗewa. Duhun ya zo, amma ya zo a makare.

Ilu bai yi shawara da kowa ba. Ya shiga gonar ya zaɓi kara arba'in mafi kauri, ya sare na kewaye da su ya shimfiɗa ganyen a ƙasa, ya yi wa kowanne gurbi kamar na bishiya. Ya fara kawo ruwa, kura biyu da safe, biyu da yamma. Masu sayen ruwansa suka jira, suka gaji, suka koma wa wasu. Matan unguwa na yi masa tsiya in ya wuce, "Ilu, gaida amaryarka mai shan jarka hamsin." Ba ya ko juyowa.

Kududdufin kusa ya ƙafe, ya koma na bayan makabarta. A hanyar nan ne ƙafar kurar ta faɗa kwata, ƙarfen ƙasa ya karye biyu. Ya shiga ɗakin ubansa ya ɗauko tsohuwar sandar ɗaukar ruwa, ya rataya garwa biyu, ya ci gaba da kafaɗa. Sahu goma sha huɗu a yini. Da dawar ta fid da kai, kowa ya riga ya girbe nasa, ita kaɗai ce a tsaye a duk yankin, tsuntsayen gari kaf suka san da ita. Ilu ya yanka gidan sauronsu, matarsa ta ɗinka 'yan jakunkuna, ya hau turmi ya ɗaura wa kowace zangarniya. Su da jaririn suka kwana a sauro har sanyi ya shigo.

Kwana sittin da wani abu yana haka sai ƙaba ta sauko masa. Na gan shi yana tafe da garwa, ya yi taku goma ya tsaya ya dafe mara. Na ce, "Ilu, ajiye ka tafi asibiti, ko in sa a ɗaure ka."

Ya ce, "Gwaggo, har yanzu madara ce a ciki."

Kullum yakan ciri ƙwaya guda ya ciza. Sai ranar da ta yi masa ƙas a haƙori ya ajiye sandar, ya zauna a kunya, ya kasa tashi. A kan babur aka kai shi. Aka yi masa aiki, likita ya ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi buta nauyi, kada ya daɗe a sunkuye. Wannan shi ne na Ilu. Shi ya rayar da ita kwana saba'in babu ruwan sama, kuma ya rasa kurarsa da ƙarfin jikinsa.

Nomau bai ga ƙarshen abin ba. Tun ranar masu sara ya kwanta. Da zangarniyar farko ta fito aka je aka faɗa masa, ya juya fuskarsa bango. Na zauna kusa da shi na ce, "Yaya, wa za a aika Kwarin Gauta?" Ya ce, "Babu abin da za a aika." Barira na bakin ƙofa da kwanon kunu, kullum nan take tsayawa. Na ce, "Ga 'yarka." Ya rufe ido. Bayan kwana uku ya cika, bai ce da ita ci kanki ba. Ita ta wanke kayansa ta ninke.

Ga abin da aka samu. Cikin kara arba'in, tsutsa ta cinye zuciyar ashirin da tara. Takwas sun fid da kai, amma sanyi ya kama su suna fure, sai ƙaiƙayi. Uku ne suka yi ido, ɓera ya hau ya yanke ɗaya. Biyun da suka rage ko ruku'un ba su yi ba, ba su da nauyin da zai sunkuyar da su. A faifaina na murje su da hannuna. Ba su cika ludayi ba. Na zuba a gora, na sa toka, na toshe, na rataye a ɗakina, tunda ni ce babba da ta rage a gidan.

Bayan sadakar arba'in suka zo su uku suka zauna a kan tabarmar nan da kuke kai.

Barira ta ce, "Gwaggo, da ban gane ba, da ban zauna a bakin kunya ba, da shanu sun daɗe da kasayar da ita. Me Sallau zai hau ya yi? Me Ilu zai ba ruwa?"

Sallau ya ce, "Kin gane, an yi miki dariya, an ɗaga miki rumfa. Daga nan fa? Da har yau tana nan tana tsawo." Ya ɗora hannun a kan gwiwarsa inda kowa zai gani.

Barira ta ce, "Ka rufe abin nan, mun gani. Kai yatsu ka rasa. Ni ubana ya shiga ƙasa yana fushi da ni."

Suka juya ga Ilu, yana jingine da bango don ba ya iya zama sosai. Na ce, "Kai fa?" Na sake cewa, "Kai fa?"

Ya ce, "Ku kun yi naku a yini ɗaya-ɗaya."



Na san abin da ke bakin wasunku, don haka bari in rage muku wahala. Kada wanda ya ce su tafi tare. Ɗaki guda ne, gonar kuma na san ta, na yi mata roro ina yarinya, in shekara ta yi kyau da ƙyar take riƙe gida ɗaya. Dattawa sun ce suna guda suke so. Kada wanda ya ce a raba irin. Gonar bayan fili ta mutu, notin an yi masa walda, biyun da aka bari ba su da ko taki ɗaya na ƙasa mai duhu da za su binne nasu. Kada wanda ya ce a yi ƙuri'a, ni ba na jefa sanda a kan cikin yara. Kada kuma wanda ya ce a koma wurin manaja. An sauya shi, sabon ya ce zai ƙara turke biyu.

Kuma ku san halin da ake ciki. Barira tana suya a ƙofar gida, inda in ta sayar da rabin kwano ta gode, ta riga ta kai 'ya'ya biyu wurin dangin ubansu. Tana da lafiyar noma, amma ba ta taɓa riƙe gona ita kaɗai ba. Sallau matarsa ta haihu a gidan iyayenta, sun ce ta zauna har ya sami abin yi, kuma babu mai ba mai yatsa uku aikin wuta. Yana koyon riƙe fartanya da hagu. Ilu ya fi su sanin dawar nan, ya san kowane kara kamar ɗansa, amma ba zai iya sunkuyawa ya yi kunya guda ba, matarsa ce ke wankau suna ci. Duk wanda na miƙa wa gorar, ya sami ɗaki da gona da abin da zai ci baɗi. Biyun da na hana, ban san inda za su sa kansu ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na sani ba.

Jiya da la'asar hadari ya haɗu a gabas ya watse. Ba zai yi ta watsewa ba. Motar Kwarin Gauta ranar kasuwa take tashi, jibi ke nan.

To, ga Barira, ga Sallau, ga Ilu. Wane ne a cikinsu zan ɗora a motar?